Gawayi Marar Hayaƙi

Gargaɗin da ke bayan kwalin gawayin, Nuriyya ce ta rubuta shi. Layi biyu ne, ɗaya da Turanci ɗaya da Malayanci, da ƙananan baƙaƙe a ƙasan hoton bishiyar kwakwa: a yi amfani da shi a wuri mai iska. A gaban kwalin kuwa, da manyan baƙaƙe masu ruwan zinare, an rubuta cewa gawayin ba ya hayaƙi, ba ya wari. Wannan ma ta hannunta ya bi. Ta karanta rahoton ɗakin gwaji, ta ga lalle ba ya hayaƙi, ta sa hannu a gefen takardar, ta tafi cin abincin rana.

Lauya ce. Shekara tara ta yi tana aiki a Kaduna kafin ta sami tallafin gwamnati ta zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Ba ta da izinin tsayawa gaban alƙali a ƙasar, don haka kwana uku a mako take zama a ofishin wata lauya, Puan Rosnah, a matsayin mai bincike. Ofishin ba a ɗaga murya a cikinsa, ba a buga tebur. Kamfani ne zai zo da tukunyar gas, ko kujerar jarirai ta mota, ko batir, ya ce a gaya masa abin da doka ta tilasta masa ya rubuta a jiki, da yadda za a loda kayan a jirgi, da inda zai zubar da dattin masana'antarsa. Ba wanda ya taɓa zuwa yana tambayar abin da ya kamata. Abin da ya zama dole ake tambaya, shi kuma ake amsawa.

Gawayin ɓawon kwakwa ne, an matse shi ƙanana kamar sukarin kwali, don masu shisha a gidajen abincin Larabawa na Bukit Bintang. Wata huɗu Nuriyya ta yi a kan fayil ɗinsa. Yawancin lokacin jirgin ruwa ne ya cinye shi, domin gawayi yakan ɗauki zafi da kansa a cikin kwantena ya kama da wuta a tsakiyar teku, masu jirage kuwa tsoronsa suke ji. Sai kuma maganar kogin da ke bayan masana'antar. Gargaɗin bayan kwali, rabin yini kawai ya ci. Da aka gama, mai kamfanin ya aiko wa ofishin katan guda kyauta. Ba mai shan shisha a cikinsu. Nuriyya ta ce ta san inda zai yi amfani, ta sa shi a mota ta kai unguwar Setapak, gidan Hussaina.

Hussaina matar Malam Badamasi ce, mai karatun injiniya, a Maiduguri ta tashi. Ita ta tarbi Nuriyya ranar da ta sauka garin, ta ba ta katifa har sati uku, ta koya mata hawa jirgin ƙasa, ta nuna mata kedai ɗin, wato kantin, da ake samun kuɓewa ɗanya. Duk wata Bahaushiya da ke Kuala Lumpur a wurinta take samun turaren wuta. Matsalarta ɗaya ce, gawayin gashin nama da take saya yana tuƙa hayaƙi, ƙararrawar gobara ta bene ta ɗauki ihu, maƙwabta su fito suna leƙe. Ranar da ta hura na Nuriyya, ta sunkuya tana kallon garwashin ya yi ja, ba ko siririn hayaƙi, sai ta miƙe ta taka rawa a tsakar falo da kasko a hannu.

“Barista, yau kin raba ni da kunya a wannan bene. Duk wanda ya ce karatun lauya ba shi da amfani, ki turo min shi.”

Wannan kafin annoba ne.

Hussaina ta rasu a watan Agusta na shekara ta biyu ta korona, lokacin da ƙarar motocin asibiti ta zama kamar kiran sallah, ba a ma ɗaga kai. Gwaji ya nuna tana da cutar kwana huɗu kafin nan. Ma'aikata cikin fararen riguna na leda suka ɗauke ta, aka rubuta korona, aka binne ta a naɗe, ba macen da ta sa hannu a wankanta. Ta'aziyya ta waya aka yi, fuskoki arba'in da wani abu cikin 'yan akwatuna a kan allo, wani na magana an kashe masa murya, wani yaronsa na kuka.

A wannan zaman ne Malam Badamasi ya ba da labarin yadda ya same ta. Ya ce tun da gwajin ya fito ta kulle kanta a ɗaki, saboda shi mai ciwon suga ne. Ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, ta liƙe gefen taga da salatif, wai kada ko numfashinta ya iske shi. Abinci a bakin ƙofa yake ajiye mata. Ranar, bayan azahar, ta ce ya hura mata garwashi za ta yi sirace. Ya hura, ya ajiye kaskon da tukunyar ganye a bakin ƙofa, ya fita cefane. Da ya dawo ya yi ta ƙwanƙwasawa shiru.

“Na yaye bargon, wallahi kamar mai barci,” ya ce, muryarsa ba ta ko rawa. “Leɓenta ja zur. Faratanta kamar an sa mata lalle. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa ganin fuskarta ta yi kyau haka ba. Har magen nan tata, a gefen ƙafarta na same ta, ita ma ta mutu.”

Aka yi ta kabbara a hankali. Wani dattijo cikin ɗaliban ya ce alamar kyakkyawan ƙarshe ke nan, wanda annoba ta ɗauka kuwa shahada ya yi. Wata ta ce dabba ma ta san zafin rabuwa. Nuriyya ta kashe kyamararta.

A cikin fayil ɗin gawayin akwai rahoton wani ƙwararre, shafi sittin, wanda ta karanta sau ɗaya don ta tabbatar ba abin da zai ja wa kamfanin ƙara. Ya yi bayanin wata iska da garwashi ke fitarwa, ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta zauna a mazaunin numfashi. Mutum ba ya tari, ba ya shaƙewa. Kansa ne zai sara, jikinsa ya mutu, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Akwai hotuna a ƙarshen rahoton. Leɓɓa ja, farata ja. An kuma ambata cewa ƙananan dabbobi su ke fara faɗuwa.

A gida ma ana sirace tun kafin a haifi kakar Nuriyya. Amma a madafa ake tafasa ganyen, a ɗauko tukunyar a kawo ɗaki, minti goma ta huce a tashi. Ba wadda za ta shigar da wuta ƙarƙashin bargo, domin hayaƙi zai koro ta waje tana tari da hawaye. Hayaƙin nan da ake zagi, ashe shi ne mai gadi. Ɗakunan gida kuma ko an so a toshe su ba sa toshuwa, iska na shiga ta ƙasan ƙyaure da bakin kwano. Nan kuwa gilashi ne da roba da siminti, hawa na goma sha huɗu. An cire mai gadin, an rubuta a gaban kwali da ruwan zinare cewa an cire shi.

Da aka tashi daga ta'aziyyar, ta buɗe dandalin matan a waya, wanda ta daɗe da kashe wa ƙara saboda yawan saƙonnin magani: tafarnuwa, habbatussauda, ruwan zafi da citta. Ta yi ta ja sama har ta kai kan saƙon murya na Hussaina, kwana biyu kafin rasuwar. Ba ta taɓa buɗe shi ba. A makon tana fama da takardun wata kwantena da aka tsare a tashar jiragen ruwa.

“'Yan uwa, na gano dabara,” in ji muryar, a ɗan dishe amma da dariyarta. “Kar ku yi ta wahalar tukunya tana hucewa. Ku ɗora ta a kan kasko, ku shiga bargon da shi gaba ɗaya, tana tafasa kuna shaƙa. Da gawayin nan na Barista, marar hayaƙi. Na gwada yau na ɗan lokaci, kai ne dai ya ɗan sara min, amma wannan aikin cutar ne. Ku gode wa Barista.”

Sati uku Nuriyya ba ta gaya wa kowa ba.

Ita ma ta yi koronar a watan Yuli, ta warke, amma hancinta bai dawo ba. Albasa, kofi, kwatamin bayan gida, duk ɗaya suke a wurinta. Sai bayan ta'aziyyar ta fara jin ƙamshi guda: turaren Hussaina, haɗin nan nata mai sandal da wani abu mai ɗan zaƙi da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yakan zo da hantsi tana tsakiyar karanta ƙa'idar lodin batir. Yakan zo a cikin lif. Ta wanke labulaye, ta zubar da ragowar kwalbar da Hussaina ta ba ta, ta wanke kwalbar ma ta jefar. Likita ya ce jijiyoyin hanci ne ke farfaɗowa, sukan ƙirƙiro abin da babu. Iya, mahaifiyarta, ta ce ta waya mamaciyar ce ke neman sadaka, a saya wa yara waina. Nuriyya ta aika aka saya. Ƙamshin bai bi ta kan likita ba, bai bi ta kan waina ba. Ta koma buɗe duk tagogin gidanta, ko ruwa ake yi, har littattafan da ke kan tebur suka kumbura.

A sati na uku ta je wurin Puan Rosnah. Su biyu kaɗai ne a ofishin, tebur biyu a tsakaninsu, kowa da takunkumi. Ta faɗi komai kamar mai karanta ƙara.

“An shigar da ƙara?” Puan Rosnah ta tambaya.

“A'a.”

“Likita ya rubuta gawayi?”

“Korona ya rubuta.”

“Gargaɗin ya cika abin da doka ta nema?”

“Ya cika. Ni na duba.”

“To wa ke hura wuta a ƙarƙashin bargo, Nuriyya?”

“Mutanena.”

“Kin san haka lokacin da kike rubutawa?”

Ta san suna kunna turare a ɗaki a rufe. Ta san ba Bahaushiyar da ke juya kwalin gawayi ta karanta bayansa, gawayi ai ba magani ba ne. Ta san duk wannan, amma a ofis ta bar sanin a bakin ƙofa tare da lemarta.

“Idan na yi magana,” ta ce, “sirrin kamfanin fa?”

Puan Rosnah ta cire tabarau ta murza idanu. Ƙaninta na kwance a asibiti a lokacin, an sa masa bututu.

“Wane sirri lah? Cewa gawayi na kisa a ɗaki a rufe? Yana cikin littafin 'yan sakandare. Kar ki fitar da takarda daga fayil, shi ke nan. Sauran tsakaninki da mutanenki ne.”

Sai a cikin lif, da ƙamshin ya taso, Nuriyya ta gane abin da ya kai ta. So take a hana ta. Da an ce mata doka ta rufe mata baki, da ta sami inda za ta jingina.

Domin maganar ba ta kamfani ba ce. In ta faɗa, Malam Badamasi zai san cewa hannunsa ne ya hura garwashin ya ajiye a bakin ƙofa. Zai san tawul ɗin da matarsa ta toshe ƙofa da shi don ta kare shi, shi ya rufe ta. Maganar mutuwar shahada da yake kwana yana tashi da ita, wadda yake maimaita wa tsohuwar uwar Hussaina a Maiduguri, za ta zame daga hannunsa. Kuma kowa zai san wa ya kawo katan ɗin.

Ranar wata Talata da ƙarfe uku na rana, saƙo ya shigo dandalin. Bintu ce, amaryar wani ɗalibi, shekararta ba ta fi ashirin da uku ba. Gwajinta ya nuna tana da cutar. Ta ce Alhamdulillahi da sauƙi, kuma Allah ya jiƙan Yaya Hussaina, ta bar musu sadaka mai gudana, domin da aka raba kayanta ita kwalin gawayi ta samu, yau za ta yi irin siracenta. Mata suka yi ta turo hannuwan addu'a.

Nuriyya ta kira ta.

“Bintu, kar ki kunna gawayin nan.”

“Kai, Anti Barista, ko gaisawa ba mu yi ba. Kin koma likita ne?”

“Ki yi siracenki, ban hana ki ba. Ki tafasa a kicin ki kawo tukunyar. Garwashin ne ba na so ya shiga ɗaki.”

“Ai smokeless ne, Anti. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a jiki. Ke fa kika kawo shi.”

“Juya bayan kwalin ki karanta.”

Aka ji motsin kwali.

“Wai wuri mai iska. To ai esi na a kunne yake, iska har ta yi min yawa. Ku 'yan boko komai sai kun sa masa tsoro. Yaya Hussaina da kanta ta gwada ta ce ta ji daɗinsa, ko ba ki ji saƙon ba?”

Amsar na kan harshen Nuriyya. Amma ta san in ta faɗa wa Bintu, kafin minti goma magana ta zagaye Setapak ta sauka Maiduguri, Malam Badamasi kuma zai ji ta ne a saƙon da aka turo daga wayar wani.

“Ki ba ni zuwa la'asar,” ta ce. “Ki rantse ba za ki kunna ba sai kin ji daga gare ni.”

“Har da rantsuwa? To, na rantse. Boleh lah, ba damuwa, Anti. Amma ana kiran la'asar zan hura, ƙirjin nan ya yi min nauyi.”

Ta ɗauki takardar izinin fita ta ofis, ta kira motar haya. A shingen 'yan sanda ta nuna takardar, ɗan sandan ya duba tambarin ya ɗaga hannu. Titin da a da ake awa guda a kansa, minti goma sha biyar suka yi. Shagunan Setapak duk a rufe, sai masu babur ɗin kai abinci a jere a inuwa, da farin ƙyalle rataye a wasu tagogi, alamar gidan ba abinci.

Malam Badamasi ya buɗe ƙofa da jallabiya ta yamutse. Ya rame. Ta tsaya can baya, jikin bangon baranda, suka gaisa, ta sake yi masa gaisuwar rashi, ya amsa. Daga inda take tana hango ƙofar ɗakin a rufe.

“Barista, lafiya kika keto dokar kulle?”

“Malam, magana na zo da ita, kuma ba mai daɗi ba ce. Na so ka ji ta daga bakina kafin kowa.”

Ta faɗa masa. Ba ta yi kwana-kwana ba, ba ta kuma yi Turanci ba, ko da yake Turancin ya fi sauƙin ɓuya a ciki. Ta faɗi iskar, ta faɗi leɓɓan, ta faɗi magen. Ta ce ba ta da takardar likita, ba za ta iya rantsuwa a kotu ba, amma ta ga hotunan, kuma ta san abin da ta gani. Ta ce ita ta rubuta abin da ke jikin kwalin, gaba da baya.

Ya sunkuyar da kai. Can ƙasa wani na wanke babur, ana jin ƙarar ruwa a kan kwano.

“Da na ɓalle ƙofar na shiga,” ya ce, yana kallon takalmansa, “kaina ya sara. Sau biyu ina durƙushewa kafin in kai taga. Na ce firgici ne. Da na je binne magen a bayan bene, na tsaya ina kallonta, na ce kai Badamasi, injiniya ne kai fa. Sai na rufe ramin na hau sama na yi alwala.”

“Ba kai ka sani ba a lokacin.”

“Ni na fifita shi da murfin tukunya har ya yi ja. Ta ce daga ciki, ka tabbata ya kama sosai.” Ya ɗago. “Kin san abin da nake gaya wa mahaifiyarta duk Juma'a? Shahada. Da shi take iya cin abinci.”

“Ban zo karɓe mata wannan ba, Malam. Inda Allah ya ajiye ta ba a ofishinmu ake rubuta shi ba. Amma Bintu za ta hura nata da la'asar.”

“Wace Bintu?”

“Matar Aliyu. Da aka raba kayan ta sami kwali.”

Ya dafa ƙyauren.

“Dole sai kin ambaci sunanta?”

“Na gwada ban ambata ba. Dariya Bintu ta yi min. Muryar Yaya Hussaina suke bi, ba tawa ba.”

“Dole sai kin ce ni na hura?”

“A'a. Zan ce ni na kawo, ni na rubuta.”

“Ai sun riga sun ji daga bakina ranar ta'aziyya,” ya ce. “Ba su manta ba.”

Ya juya ya shiga ciki, bai rufe ƙofar ba, bai kuma ce ta tafi ba. Ta ji yana jan durowa. Ya dawo da wata takarda, rubutun Hajiya Ruƙayyatu shugabar matan, wadda ta zo ta raba kayan: wa ya ɗauki atamfa, wa ya ɗauki tukwane. Ya bi da yatsa yana nuna mata. Kwali goma sha ɗaya suka fita daga gidan.

“Ki faɗa musu,” ya ce. “Maiduguri kuma ki bar min. Ban san ranar da zan iya ba.”

A nan barandar ta tsaya, ta sauke takunkumi zuwa haɓa, ta danna wayar. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta cikakke kamar ba su san ta ba. Ta ce ba korona kaɗai ce ta kashe Hussaina ba, a iyakar saninta garwashin ne. Ta ce rashin hayaƙi ba rashin guba ba ne, esi kuma iskar ɗakin yake juyawa, ba ya kawo sabuwa. Ta ce ita ta kawo gawayin, ita ta yarda a rubuta marar hayaƙi da manyan baƙaƙe, ta bar gargaɗin ƙanana a baya, ta kuma san gaskiyar sati uku ta yi shiru. Ta kira sunayen da ke kan takardar ɗaya bayan ɗaya. Minti huɗu saƙon ya ci. Tana tura shi, lasifikar ƙaramin masallacin unguwar ta fara gyaran murya don kiran la'asar.

Mutum talatin da takwas suka saurara. Sai Hajiya Ruƙayyatu ta rubuto cewa da a ce ita ce, da ta bar bawan Allah da abin da ke riƙe da shi, gaskiya ma tana da lokacinta. Wata ta rubuta cewa lokacin Hussaina ne ya yi, ko da gawayi ko babu. Wata ta fice daga dandalin. Sannan hoto ya shigo daga Bintu, ba magana ko ɗaya: kwalin a cikin bokiti, ruwa ya sha kansa, zinaren rubutun yana ɓarewa.

Kafin magariba an gano kwali tara. Na goma ya fito washegari, a wurin wata da ta ji kunyar cewa ta riga ta kunna turare da rabinsa a banɗaki. Na goma sha ɗaya ba Bahaushiya ba ce ta ɗauka. A takardar an rubuta maƙwabciya kawai. Malam Badamasi ya ce wata 'yar Yaman ce da ke ƙofar da ke kallon tasu, mai yara uku, Hussaina ta koya mata turaren wuta, kuma ta nuna mata dabarar siracen da hannu ta taga, tun da ba sa jin yaren juna. Sun tashi daga gidan a ƙarshen wata. Mai gadin bene bai san inda suka koma ba, lambar da mai gidan ya bayar kuma ba ta shiga.

Nuriyya ta sa wani ɗalibi ya maimaita saƙon da Larabci, aka tura dandalin 'yan Yaman da na 'yan Sudan. Ba wanda ya ce ya san matar.

A ofis ta zana sabon gargaɗi. Wannan karon ba kalmomi: mutum a ƙarƙashin bargo, kasko a gabansa, taga a rufe, babban jan layi ya ratsa su. Ta ba da shawarar a sa shi a gaba, daidai girman rubutun zinaren. Puan Rosnah ta daɗe tana kallonsa.

“Zai tambaya ko doka ta tilasta.”

“Ba ta tilasta ba.”

“Zan tura masa. Zan ce ra'ayin ofis ne.”

Har yanzu mai kamfanin bai amsa ba. Malam Badamasi in sun haɗu yakan gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, amma bai ƙara kiran ta Barista ba, Malama Nuriyya yake cewa. Da aka sassauta dokar kulle, ta ɗauki ɗabi'ar sauka daga bas tasha biyu kafin tata, ta bi ta tsakanin benayen Setapak a ƙafa da yamma, tana ɗaga kai tana duba tagogin da ke rufe ruf, tana tambayar duk mace mai baƙar abaya da yara uku. Hancinta ya fara dawowa, tana jin albasa yanzu, tana jin kwatami. Turaren ma tana jin sa, sai dai ta daina gane lokacin da daga kanta yake fitowa da lokacin da daga wata taga ne. Duk sanda ya taso, takan tsaya ta nemi ƙofar.